Babur daga Delhi zuwa Leh: in bi su ko in haƙura?

Ɗan Kurna:
Slm jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Indiya ko suka san harkar babur. Ni ɗalibi ne a Greater Noida, shekarata biyu kenan a nan, to ƴan ajinmu su huɗu sun shirya in an yi hutun watan Yuni za su hau babur tun daga Delhi har Leh, can ƙuryar arewa cikin duwatsun Himalaya, ta hanyar Manali, sun ce in zo mu tafi tare. Wlh tunda suka nuna min hotunan hanyar abin ya tsaya min a rai, ko karatu nake sai in ga dutsen nan mai farar ƙanƙara a kai. Ni dai tun ina aji biyu a sakandare nake jan mashin a Kano, da Jincheng ɗin yayana na fara, daga baya roba-roba, har Boxer na sha ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa Kurna ban taɓa yin faɗuwar kirki ba. Amma a nan ban taɓa ja ba sai dai a goya ni. Me kuka gani?

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Wslm. Ƙanena ka je kawai. Wanda ya ja mashin a Kurna da yamma lokacin tashi daga kasuwa, ya bi ta Ƙofar Ruwa ya shiga Ƴankura ya fita lafiya, ina ne kuma zai gagare shi a duniya? Ni shekara tara na yi ina acaɓa kafin a hana goyo a Kano a Janairun 2013, kuma Boxer ɗin ma da muke ja ai daga can Indiyan ake kawo ta, Bajaj ai kamfaninsu ne. Mashin ɗinsu muka goge a kai, me zasu nuna mana.

Baban Walid:
Malam ina ganin girmanka amma a nan kam ban yarda da kai ba. Ni na yi wannan tafiyar da kaina, kuma kasuwancin kayan gyaran adaidaita sahu yana kai ni Delhi kusan duk shekara. Gaskiya ne hannun ɗan Kano a kan mashin ba wasa ba, sai dai shi wannan hannun da ya goge shi ne zai iya jefa yaron nan a matsala. Mu dama muke bi, su hagu suke bi. Muddin kana cikin nutsuwa ba komai, kana ganin na gabanka kana bin sa. Ranar da mota ta ɓullo maka gaba da gaba a kwana ba zato, ba tunani kake ba, jiki ne yake aiki, kuma jikinka shekara da shekaru ya saba da kaucewa dama. Shi kuma direban can ya saba da kaucewa hagunsa. To hagunsa ai damanka ce tunda fuskantarka yake. Kun ga ku biyun kun kauce waje ɗaya kenan. Ni sau biyu hakan ta same ni a rana ta farko, ta biyun da safe ne na fito daga gidan mai titi ba kowa, na hau hannun dama ina ta tafiya hankali kwance har sai da wata bas ta danno min hon. Allah ne kawai ya tsare.

Baba Alhaji:
Baban Walid ya faɗi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Ku yara ba ku san canjin hannu ba. Mu ma hagu muke bi da, irin na Ingila, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 aka mayar da mu dama. Lokacin ina yaron mota. An yi ta shela a rediyo wata da watanni, an kafa alamomi a titi, amma duk da haka tsofaffin direbobi masu shekara ashirin a kan sitiyari sai ka ga sun shiga shataletale ta baya. Sababbin koyo ma sun fi su saurin sabawa. Ɗana kada ka raina wannan magana.

Ɗan Kurna:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yaya Baban Walid to amma ai ka je ka dawo, kuma ka ce ka yi ta da kanka. Ya tafiyar take, ta kai yadda ake faɗa?

Baban Walid:
Ƙanena ba zan ɓoye maka ba, ta kai har ta wuce. Ba zan ce maka ba daɗi don in tsorata ka ba. Daga Manali za ka shiga ramin Atal da suka buɗe a 2020, kilomita 9 ne a ƙarƙashin dutse, ka shiga ta gefen da yake kore shar da itatuwa ka fito ta Lahaul ka ga duwatsu tsirara kamar an canja maka duniya. Daga nan Keylong, Jispa, sai hawan Baralacha La wanda ya kusa mita 4,900, sai wani waje da ake ce wa Gata Loops, kwana 21 ne a jere suna hawa kamar igiyar da aka naɗe. Bayan Pang akwai wani fili shimfiɗaɗɗe wajen kilomita 40 a saman duwatsu, ba gida ba bishiya ba kowa, na kashe mashin na tsaya na ji shirun da ban taɓa jin irinsa ba a rayuwata, ko kukan tsuntsu babu. A nan na shimfiɗa rigata na yi azahar da la'asar ƙasaru, wlh sai da na yi hawaye a sujada. A mota ba ka samun wannan, gilashi ya raba ka da komai, a babur kuwa sanyin kogi kana jin sa tun kafin ka gan shi, ƙamshin shayin da ake dafawa a tantin bakin hanya shi zai tsayar da kai. Kuma in ka isa Leh akwai babban masallaci a tsakiyar kasuwa, ka shiga sahu da mutanen da ko kalma ɗaya ba ku haɗa ba sai kabbara. Duk wannan gaskiya ne.

Amma abin da nake so ka gane, ni duwatsun ba su ne suka fi ba ni tsoro ba. Daga Delhi zuwa Manali, sama da kilomita 500 ɗin nan, su ne masifar. Fita daga Delhi kaɗai jarrabawa ce, sannan babban titin da ya bi ta Panipat da Karnal da Ambala, manyan motoci ne jere kamar jirgin ƙasa, ga bas-bas na gudu ba sa ɗaga ƙafa, ga tarakta ta yi aron hannu tana zuwa maka a kan layinka ba fitila, ga saniya kwance a tsakiyar kwalta ba mai iya ce mata tashi. Ita saniyar nan in ka buge ta, ka bar batun raunin jikinka, rigimar da zaka shiga da mutanen wajen daban ce, kai baƙo kuma baƙar fata ba ka jin yare sosai.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
To ai aron hannu da shanu a titi duk muna da su a nan, hanyar Kano zuwa Zariya me ba mu gani ba lokacin da ake aikinta. Ni fa abin da bana so shi ne a riƙa karya wa matasa gwiwa. Ba ga wani ɗan ƙasar nan ba Kunle Adeyanju, ya hau babur daga Landan har Legas a 2022, ya keta Sahara, duniya ta san shi. Da ya tsaya jin irin wannan da bai fita ba. Kwana in ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi.

Maman Hanan:
Kawu dan Allah a daina kawo maganar kwana ya ƙare a irin wannan wajen, ba mutuwa ce kaɗai ake gudu ba. Ni ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana karatu a kudancin Indiya ya ari babur ɗin abokinsa, ba ma tafiya mai nisa ba, yawon ƙarshen mako ne, wata mota ta fito daga lungu ta ɗauke shi. Cinyarsa ta karye gida biyu. Da a Kano ne kafin awa ɗaya dangi sun cika asibiti, wani ya kawo jini wani ya kawo kuɗi wani ya kwana da shi, ko a asibitin ƙashi na Dala ko wajen mai ɗori. A can yaron nan kwana biyu ba mu ma sani ba. Asibitin kuɗi aka kai shi suka ce sai an ajiye wani abu kafin a shiga da shi tiyata, mu kuma muna nan muna fama da yadda za a tura kuɗin, inshorar da makaranta ta sa suka biya ta ƙi ɗaukar komai saboda ba shi da lasisin babur. Filin mahaifiyarmu aka sayar. Shekara ɗaya ya rasa a karatu kuma har yau in sanyi ya shigo ƙafar tana damunsa. Duk wanda zai ce a je, ya fara faɗa min wa zai kwana da yaron nan a asibiti in abin ya faru.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Subhanallah. Allah ya ƙara masa lafiya Hajiya, ban san da wannan ba. Ki yi haƙuri in maganata ta sosa miki.

Maman Hanan:
Ba komai Kawu, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa.

Anti Nas:
Ɗan Kurna tambaya ɗaya zan maka kafin komai, ka san rukunin jininka na sikila? AA ne kai ko AS? Ba wasa nake ba. Abokan tafiyarka ƙila ba wanda zai yi wannan tunanin, mu kuwa kusan duk gida akwai AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau a ƙasa, yana iya tsufa bai san yana da shi ba, amma in ya hau waje mai tsayi sosai inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, jinin yana iya toshewa a saifa, ciwo mai tsanani ya kama shi a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Kano fa ko mita 500 ba ta kai ba daga teku, Leh kuwa wajen mita 3,500 take, Tanglang La da za ku hau kafin ku isa ta haura 5,300. In SS ne mutum ko SC to maganar ma bata taso ba. Ko AA ne kai akwai ciwon hawan tsauni da yake kama kowa, ciwon kai, amai, jiri, rashin barci, kuma ka duba mutum mai jiri a kan babur a bakin rami. Maganinsa na gaskiya shi ne hawa a hankali, in ya tsananta kuma a sauko ƙasa, ba a jurewa a ce jarumta.

Baban Walid:
Anti kin taɓo inda yake. Shi ya sa ake cewa a kwana a Keylong ko Jispa, wajen mita 3,200, kada a zarce Sarchu a daren farko don ita ta haura 4,200. Wani da muka haɗu da shi a hanya ya yi gaddama ya zarce, da asuba muka tarar ana saukowa da shi a mota an ɗora mashin ɗinsa a baya.

Ɗan Kurna:
Anti wlh ban taɓa gwadawa ba, amma ƙanwata AS ce, an gwada ta lokacin aurenta. Jibi insha Allah zan je in yi.

Anti Nas:
To ka ga kuwa dole ka yi. In ya fito AS ka zauna da likita ka faɗa masa tsayin wajen da zaka, kar ka ce masa yawon buɗe ido kawai. Sannan kowa ya riƙe wannan, alƙaluman gwamnatin Indiya da kanta na 2022 sun nuna mutum sama da dubu 168 ne suka mutu a haɗarin hanya a shekara ɗaya, kusan dubu 75 daga ciki masu babur ne. Kuma waɗannan ƴan ƙasa ne da aka haifa a kan hannun hagun.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ni ma a Indiya nake, Pune, shekara huɗu, kuma ina da babur nawa na kaina. Mu ma a Nijar dama muke bi don haka duk abin da Baban Walid ya faɗa na sha shi. Abin da zan ƙara shi ne titinsu yana da yarensa, kuma sai ka koye shi kamar yadda ka koyi gaisuwarsu. Hon a wajensu ba faɗa ba ne, sanarwa ce, ina nan a bayanka, zan wuce ta gefenka, har a bayan manyan motoci rubutawa suke a yi musu hon. Kai naka shi ne abin da ke gabanka, na bayanka shi zai kula da kai, shi ya sa mutum zai shigo titi daga lungu ko waiwaye babu. Babba shi ke da hanya, bas ta fi mota, mota ta fi adaidaita, adaidaita ta fi ka, in bas ta fito tana wuce wata ta nufo ka to sauka gefen titi kawai kada ka tsaya neman gaskiya. Wani lokacin babbar mota zata kunna maka siginar dama, ba juyawa zata yi ba, nufinta ka wuce, wani lokacin kuma da gaske juyawar zata yi, to ka ga in ba ka saba ba ya zaka bambance? Ni wata uku na yi ina zagaya unguwa da sassafe ranar Lahadi kafin na yarda na shiga cikin gari. Kuma har yau in magariba ta yi ina wajen gari to na tsaya kenan sai gobe.

Batun takardu kuma. Tunda kana da bizar karatu kana iya neman lasisinsu, za a fara ba ka na koyo, bayan kwana 30 ka je gwaji. In na Najeriya zaka yi amfani da shi to sai ya zama na babur ne, ka haɗa da na ƙasa da ƙasa, na mota ba zai yi ba. Babur ɗin haya na halal lambarsa baƙa ce da rubutu ruwan ɗorawa, in aka ba ka mai farar lamba to na wani ne, ranar da abu ya faru kai zaka kwana a ciki. Kada ka bar wa mai haya fasfo ɗinka ko me zai ce, ka ba shi kwafi da kuɗin ajiya. Ka ɗauki bidiyon mashin ɗin ta ko'ina kafin ka karɓa.

Baban Walid:
Sannan ka sani ba Boxer za su ba ka ba. A unguwar Karol Bagh ta Delhi da Manali yawanci Royal Enfield ake bayarwa, Classic ko Himalayan, nauyinsu ya kusa kilo 200 kafin ma ka ɗaura kaya da jarkar mai. Wannan tsalle-tsallen da kake da roba-roba tsakanin motoci ba zai yiwu da shi ba, in ya kwanta maka a cikin ruwa a saman dutse kana haki ba lallai ka iya ɗaga shi kai kaɗai ba. Ruwan kuma na ƙanƙarar da ke narkewa ne yana tsallaka hanya, da safe kaɗan ne, in rana ta take sai ya ƙaru, shi ya sa ake sammako. Ka cika tanki a Tandi kafin Keylong ka ƙara da jarka, daga nan mai yana wuya sosai sai an kusa Leh. Layin waya na kati da ka saya a Delhi ba ya aiki a Ladakh, yankin da Leh take, ka gaya wa na gida tun da wuri kada a ji ka shiru hankali ya tashi. In kuna son wucewa Nubra ko tafkin Pangong, kai baƙo sai ka karɓi takardar izini a Leh, kuma ƙungiyar masu hayar babur ta can ba ta barin mashin ɗin hayar da aka zo da shi daga wani gari ya je waɗannan wuraren, sai kun sake ɗaukar nasu. Abinci kuwa a tantunan hanya shinkafa ce da miyar wake da ƙwai da shayi, sai taliyar da suke ce wa Maggi, ba ɗan ɗanɗanon miya ba, irin indomi ce. Nama ka haƙura da shi sai Leh inda zaka samu na Musulmi.

Kuma kada ku bari tafiyar ta kai tsakiyar damina. A Yulin 2023 kogin Beas ya cika ya cinye wasu sassan hanyar Manali, mutane suka maƙale kwana da kwanaki.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
To ni dai na ji, akwai abin da ban sani ba a ciki, musamman wannan na jini. Amma har yanzu ina kan cewa kada a hana shi. A gyara masa dai. Abu ɗaya da zan ce a matsayina na wanda ya ga abokan sana'a da yawa a kwance, hular kwano ta kirki mai rufe haɓa, a ɗaure ta, ba irin wadda muka riƙa ɗorawa a kai a 2009 don gudun kamu ba. Da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Tafin hannu shi ke fara taɓa kwalta.

Ɗan Kurna:
Jama'a na gode ƙwarai wlh, ban zaci zan samu haka ba. Ga abin da nake gani yanzu. Jibi gwajin jini. In ya yi kyau zan nemi lasisin koyo a wannan watan, in riƙa karɓar babur ɗin abokina ina zagayawa da safe a nan unguwarmu tunda titunan Greater Noida suna da faɗi ba cunkoso sosai. Batun Delhi zuwa Manali kuma na cire shi, zan bi bas ta dare in same su a can in ɗauki haya a Manali, ko sun ce na ji tsoro ba komai.

Ɗan Damagaram:
Haka ya fi. Amma wata uku zuwa Yuni kaɗan ne fa, in ka ga hannunka bai zauna ba ka hau bayan wanda ya fi ku iyawa, ko ka bar ta sai baɗi. In na samu hutu zan shigo Delhi wata mai zuwa mu fita tare in ga yadda kake shiga kwanar dama.

Maman Hanan:
Ƙanena duk na ji tsarin, amma ba ka amsa min ba. Hajiyarka ta sani?

Ɗan Kurna:
Anti ban faɗa mata ba tukuna. Tsoro nake kada ta ce a'a tun kafin ta ji bayani.

Baba Alhaji:
Ɗana ka kira ta gobe Juma'a bayan an sauko, ka fara da yayanka wanda ya koya maka mashin ɗin, ya zauna kusa da ita in kana bayani. Ka faɗa mata har da maganar waya da ba za ta shiga ba na kwanaki. In ta amince ka turo mana ranar tashi da lambar ɗaya daga cikin abokan naka, Baban Walid ya riƙe.

Baban Walid:
Zan riƙe Baba. Ɗan Kurna in sakamakon jinin ya fito ka fara turo wa Anti Nas kafin ka biya kuɗin komai.